Kayan Rubutun Malaman Kano da na Malaman Ƙasar Sin

 

Sa'ad da aka aiko mini cewa ni ne zan ba da laccar wannan karo, na san abin da aka sa rai shi ne in ɗauko wani babban malami, ko wani babban littafi, in yi ta bayani har lokaci ya cika. Sai ku gafarce ni, ban yi haka ba. Abubuwan da zan yi magana a kansu yau, in aka ɗebe allo da buzu da gafaka, duk suna iya shiga aljihun babbar riga. Su ne kayan da malami yake aiki da su in zai yi rubutu. Kuma ba kayan kaɗai ba, har da mutanen da ke yin su. A tsakiyar magana zan ɗauke ku mu tafi ƙasar Sin mu komo. Kada wani ya zaci zan fake da maganar nan da ake yawan kawowa a tarurruka irin wannan game da neman ilmi a Sin. Malaman Hadisi sun daɗe da raunana ta, ni kuwa ban isa in ƙarfafa abin da suka raunana ba. Dalilina dabam ne. Sinawa mutane ne masu girmama rubutu kamarmu, amma akwai abin da suka yi wa masu yi musu kayan rubutu wanda mu ba mu yi wa namu ba.

Abin da ya jawo mini wannan tunani wata ziyara ce da na kai wa wani alaramma a Fagge. Na same shi a zaure bisa buzu, ya tanƙwashe ƙafa, takarda na kan gwiwarsa, yana rubuta Alƙur'ani da ka. Muna cikin gaisawa jar tawadarsa ta ƙare, ya kira almajiri ya ba shi kuɗi, ya ce ya ruga kasuwar Sabon Gari. Da yaron ya komo da 'yar kwalba na karɓa na juya gindinta, sai ga sunan ƙasar Sin. Wannan bai dame ni ƙwarai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani tsohon allo da ke jingine da bango, ya yi duhu ya yi santsi saboda shekaru, an fitar da kansa da kafaɗunsa daidai wa daida, ba inda wani gefe ya ɗara wani. Na ce, "Allah ya gafarta malam, wa ya sassaƙa wannan?" Ya ce na mahaifinsa ne. Ya jero mini malaman da mahaifin nasa ya yi karatu a wurinsu, har mutum huɗu, kowa da garinsu. Da na sake tambayar mai sassaƙar, sai ya yi murmushi ya ce, "Ai masassaƙi ne kawai."

Game da kwalbar tawada, ba yau Fagge ta saba da baƙin kaya ba. Tun tana zango a bayan ganuwa, nan ayarin raƙuman Buzaye da sauran fataken arewa ke sauka. Ta wannan hanya ta hamada takarda ke zuwa mana, gama duk da yawan littattafan da aka rubuta a ƙasar Hausa da Barno, ba a yi sana'ar yin takarda a nan ba. Bature Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ga takarda mai alamar wata uku jibge a kasuwa, har ya ce da ita ake naɗe tufafin da aka rina. A arewacin Italiya ake yin ta, musamman a gidan Galvani da ke yankin Pordenone, ta biyo ta Tarabulus. In kun ɗaga ganyen wani tsohon littafi na gidanku sama ya sami haske, mai yiwuwa ne ku ga jinjiran watan nan uku a jere. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka kuma yanka Sabon Gari a 1913, sai kaya suka juya suka riƙa hauhowa daga Ikko. Kantin Kwari, wanda a dā unguwar fataken Sham da Labanan ce, yau Sinawa na cikin manyan masu kawo masa haja, har a 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa ɗaya daga cikinsu, Mike Zhang, Wakilin 'Yan China.

To, amma a zamanin dā takarda ce kaɗai baƙuwa a cikin kayan malami. Sauran duka daga gona da daji da maƙera da majema suka fito.

Allo, mafi kyawunsa na itacen aduwa ne, don yana da ƙarfi, ƙwayarsa a matse take, yana jure wanki safe da yamma shekara da shekaru. Masassaƙi yakan fitar da shi da gizago daga gungume guda, ba haɗi ba ƙusa. Alƙalami kuwa, na yara sillen karan dawa ne, masu rubutun takarda da yawa sun fi son gamba. Kowa ya san wannan. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, kamannin rubutunmu a bakin wuƙar da ta feƙe alƙalami suke. Rubutun nan namu mai kauri, mai zama daram bisa layi, wanda masana suka raba shi suka ce ga na Barno ga na Kano, ba ya fita da siririn baki. Sai an feƙe baki da faɗi, an ɗan karkata shi, an tsaga shi gwargwadon yadda zai riƙe tawada ya sake ta a hankali. In tsagar ta yi tsawo, tawada ta kwarara ta ɓata shafi. In ta gajarta, harafi ya tsinke a tsakiya. Ga shi kuma kara abu ne mai taushi, bakinsa na cinyewa, sai marubuci ya yi ta maimaita fiƙa. Wanda zai rubuta izu sittin, zai feƙe alƙalami sau ba adadi, amma ana so mai karatu ya duba Baƙara ya duba Nasi ya ga kamar baki ɗaya ya rubuta su. Wannan gwaninta ce mai zaman kanta, ban kuwa taɓa ganin an rubuta ko shafi ɗaya da Hausa a kan yadda ake yin ta ba.

Tawada iri biyu ce a asali, kuma hikimar da ta raba su abin a tsaya a duba ne. Ta allo, wadda ake kira zuge, gawayi ne ko baƙin tukunya aka niƙa aka haɗa da ƙaro. Baƙin ba ya shiga jikin itace, ƙaro ne ke manne shi a sama, saboda haka da ruwa ya taɓa shi sai ya saki. Abin da ake bukata ke nan, gama yaro zai biya ya wanke ya sake rubutu, mai rubutun sha kuma yana son abin da ya rubuta ya sauka cikin ƙwarya. Ta takarda, watau yambari, akasin haka ake nema gare ta. Ana jiƙa 'ya'yan bagaruwa, a haɗa da ƙarfe ko kashin maƙera, a dafa, a tace, a sa ƙaro. Baurin da ke cikin bagaruwa in ya gamu da ƙarfe sai ya rikiɗa ya yi baƙi, ya kama zaren takarda, ba ya wankuwa. Amma akwai awo. In ƙarfe ya yi yawa, bayan shekaru tawadar takan ci takardar, ka ɗauki ganye ka ga haruffa sun zama huda. In ya yi kaɗan, rubutu ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Littattafan da suka kai shekara 150 ko 200 har yanzu ana karanta su ba wahala, wani ne ya san wannan awo. Sa'an nan ga ja ta wasali, ga rawaya ta ɗigon hamza, ga kore, kowace da kurtunta da alƙalaminta, kamar yadda rubutun ruwayar Warshu ya gada.

Kurtu ɗan ƙaramin duma ne aka fafe, wani a rufe shi da fata a yi masa maratayi. Littafi kuwa ba a ɗinke shi. Ganyaye ne a sake, a ƙarshen kowane an rubuta kalmar da ta fara na gaba don kada su rikice. Sai a sa su tsakanin tadarishi a ɗaure, a zura cikin gafaka. Ku lura da wani abu a nan: bagaruwar da ta ba da tawada, ita ce majemi ya jeme fatar akuyar da baduku ya ɗinka gafakar da ita. Itace ɗaya ya rubuta littafi ya kuma tufatar da shi.

Duk wanda ya dubi kayan nan a jere zai ga abu ɗaya ya haɗa su, watau an yi su ne don tafiya. Malaminmu ba shi da tebur, gwiwarsa ce teburinsa. In kaka ta yi ya naɗe buzu, ya rataya gafaka, almajirai su ɗauki alluna a ka, sai gabas. In alƙalami ya karye, akwai wani a gonar da ke gefen hanya. Ku riƙe wannan, don shi ne babban abin da ya bambanta mu da mutanen da za mu ziyarta yanzu.

Malamin ƙasar Sin mazaunin ɗaki ne. Kimanin shekara 1,300, har zuwa 1905 da aka soke tsarin, hanyar shiga aikin sarki a can ita ce cin jarrabawa a kan tsofaffin littattafansu, kyan hannu kuwa yana cikin abin da ake dubawa. Saboda haka ɗakin karatu ya zama wurin da mutum yake ƙare rabin rayuwarsa, kayan da ke kan teburinsa kuma suka zama abin so da alfahari. Huɗu daga ciki suke kira taskokin ɗakin karatu. Akwai alƙalami, wanda nasu na gashi ne, na akuya ko na zomo ko na wata dabba, a ɗaure a bakin siririyar gora. Akwai tawada, wadda take zuwa a sandare kamar ɗan guntun sabulu, an yi ta da kunkunniyar hayaƙi da danƙon da aka dafo daga fata. Kun ga ashe 'yar'uwar zuge ce. Akwai dutsen da ake ɗiga wa ruwa a goga tawadar a kai. Sa'an nan takarda, wadda su suka ƙago ta, tarihinsu yana jingina gyaranta ga wani bafade mai suna Cai Lun a shekara ta 105 bayan haihuwar Annabi Isa. Kowanne da garin da ya yi suna da shi: alƙalami na Huzhou, tawada ta Huizhou, dutse na Duan, takarda ta Xuan. Tun a shekara ta 986 wani malaminsu, Su Yijian, ya wallafa littafi sukutum a kan waɗannan abubuwa huɗu. Ku dubi shekarar da kyau.

Bayan waɗannan huɗu akwai 'yan rakiya, a nan ne kuma gora ta shigo. Bari in share wata tantama tukuna. Ba goran ruwa nake nufi ba, ba kuma tukurwa ba, wadda wasu ke haɗa su. Gora nake nufi, mace, mai gaɓa-gaɓa da rami a ciki, wadda muke yin sanda da ita. Tasu takan yi kauri har ta kai cinyar mutum. Kafin takarda, a kan tsagin gora suke rubuta littattafai su ɗaure da igiya. Malamansu kuma sun ɗauke ta misalin mutumin kirki: tana miƙe, cikinta ba girman kai, iska na tanƙwasa ta ba ta karya ta, sanyi ba ya kaɗe mata ganye.

Abu na fari da ake yi da ita shi ne mazubin alƙaluma. A yanko gaɓa ɗaya, a bar toshiyar gaɓar ta zama gindi, shi ke nan an sami gwangwani. Na biyu matashin hannu: a tsaga gaɓa a tsaye a kifa ta. Dalilinsa, su suna rubutu daga sama zuwa ƙasa, layuka na tafiya daga dama zuwa hagu, saboda haka hannun riga da gumi na iya shafe abin da bai bushe ba, sai a ɗora tsintsiyar hannu a kan wannan. Akwai kuma bututun turare, da ƙashin mafici, da 'yan siffofi da ake fitarwa daga saiwa. Da hunturu ake sarar gorar, wadda ta shekara uku zuwa biyar, a dafa ta, a goge, a shanya, a ajiye ta daɗe kafin wuƙa ta taɓa ta, don kada ta tsage ko ƙwaro ya ci. In ta tsufa a hannu takan rine da kanta, daga fari-fari zuwa ruwan zuma, har ta kai launin dabino.

A ƙarni na 16, zamanin daular Ming, wani mutum mai suna Zhu He a garin Jiading, wanda yanzu yake cikin Shanghai, ya mai da wannan aiki fanni. Mutumin nan ya yi karatu, yana waƙa, yana zane, ya iya sassaƙa hatimi. Sai ya ɗauki wuƙa a matsayin alƙalami, ya riƙa haƙa jikin gora hawa-hawa, har a kaurin da bai fi yatsa ba ka ga itace a gaba, tsuntsu a bayansa, dutse a bayan tsuntsu. Mazubin alƙalumansa mai itatuwa da tsuntsaye dangin gauraka yana gidan tarihi na Nanjing. Ɗansa Zhu Ying ya gaje shi. A 1966 aka tono wani bututun turare na aikinsa a wani kabari kusa da Shanghai, da sunansa a jiki. Jikansa Zhu Zhizheng ya gaji su biyun. A Nanjing kuma aka yi Pu Zhongqian, wanda aka haifa a 1582, shi hanyarsa dabam ce. Yakan ɗauki karkatacciyar saiwa ya yi ta juya ta, sa'an nan ya taɓa ta da wuƙa wuri biyu ko uku, ya bar sauran yadda Allah ya halitta. Wani marubuci na zamaninsa, Zhang Dai, ya ba da labarin cewa dillalai da yawa sun yi arziki da sunan Pu, shi kuwa ya zauna da talaucinsa bai damu ba. Wata hanya ta uku, wadda aka fi sanin Zhang Xihuang da ita, ita ce a bar koriyar fatar gora inda ake son zane, a kankare sauran. Da yake fatar da naman ba sa rinewa tare, in shekaru suka tura sai zanen ya fito fari bisa jan fili.

Ban kawo sunayen nan don in nuna na sha karatu ba. Tambayata ita ce, yaya aka yi ni, Bakano, na san su? Na san su ne domin abu biyu. Na ɗaya, masu aikin suna sa sunansu a jikin abin da suka yi, wani lokaci har da shekara. Na biyu, malamai ba su ga ƙasƙanci ba ne su rubuta tarihin masu wuƙa. A 1807 wani mutumin Jiading, Jin Yuanyu, ya tattara labarin masassaƙan gora na garinsu a littafi, wane ɗan wane, wa ya koya wa wa, kamar yadda mu muke jera salsalar malamai. Sarakuna ma sun kula: a 1703 aka kira Feng Xilu daga Jiading zuwa fada ya yi aiki. Da sana'ar ta raunana a ƙarni na 20 saboda yaƙe-yaƙe da juyin zamani, wani masani, Wang Shixiang, wanda ya rasu a 2009, ya gyara littafin kawunsa Jin Xiya a kan dabarun sassaƙar gora ya fitar da shi. A 2006 gwamnatinsu ta sa sassaƙar Jiading cikin jerin farko na al'adun da hukuma za ta kiyaye. Wanda yake son ya koya yau yana da abin dubawa da sunan da zai bi.

Kada a ɗauka ina cewa nasu ya fi namu ta kowace fuska. Yawancin abin da suke sassaƙawa siffofin mutane ne da dabbobi, mu kuwa adonmu ya bi ta layi da kusurwa da launi, kamar yadda ake gani a allon zayyana na sauka, da manyan zayyanonin da marubuta ke sawa a farkon Alƙur'ani da kan A'arafi da Maryam da Sad. Har wa yau, kayan nan nasu na masu hali ne. Manomin Sin bai mallaki mazubin Zhu He ba, da yawa ma ba su iya karatu ba. Mu arhar kayanmu ita ta kai karatu kowane ƙauye. Lissafin da Turawan mulki suka yi wajen 1914 ya nuna makarantun allo sama da 20,000 a Arewa, da ɗalibai sama da 200,000, ba baitulmalin da ya sayi alƙalami ko ɗaya. Abin da ake yankowa a gona yau a yar gobe, ba mai tunanin rubuta suna a kansa. Akwai kuma tarbiyyar gudun riya, wadda ta sa mutanen kirki ke ɓoye aikinsu. Duk na yarda da waɗannan.

Amma ban yarda su ne dukan dalili ba. Allo ba a yar da shi, ana gadonsa. Gafaka mai kyau takan ga jikoki. Kuma gudun riya bai hana masu kwafar littattafai rubuta sunansu da na mahaifinsu a ƙarshen littafi suna roƙon addu'a ba. Da maɗaba'un Kano irin su Oluseyi da Northern Maktabat suka shiga ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa, sunan marubuci ya ƙara fitowa, har Sharif Bala Gabari ya zama sananne duk inda ake karatu da Warshu a ƙasashen nan. Ashe dai ba suna muke gudu ba. Gaskiyar magana, mun raba mutane biyu: masu alƙalami, waɗanda ake rubuta tarihinsu, da masu gizago da basilla da guduma, waɗanda ake saye a hannunsu a wuce. Mu malamai, na zaure da na jami'a, mu muka yi wannan rabo, don a hannunmu rubutu yake. Littafin da na sani wanda ya tsaya a kan allo da zayyana da masu yin su, na Salah Hassan ne, mutumin Sudan, ya fito a 1992 da Turanci. A kan tawadarmu kuwa wata Ba'amurkiya, Michaelle Biddle, ita ta bi gari-gari tana tambaya. Allah ya saka musu, amma abin da kunya.

Wani zai ce, to, mene ne asara? Ai ga biro, ga tawadar kwalba, ga Alƙur'ani bugun Madina, ga shi ma a cikin waya. Ni ba na faɗa da kwalba. Asarar tana wani wuri. A ɗakunan ajiya na Jami'ar Bayero, da Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Arewa a Kaduna, da ɗaruruwan gidaje a cikin birni da Fagge, akwai littattafan da ba su da kwanan wata, ba sunan gari. Mai bincike yakan gane zamaninsu da asalinsu ta alamar takarda, da irin tawada, da yankan alƙalami, da ɗinkin gafaka. In ba wanda ya san yadda ɗinkin Kano ya bambanta da na Barno ko na Agadas, ko yadda wannan gida ke dafa yambari dabam da wancan, to wata ƙofa ta tarihi ta rufe. Mai gyaran tsohon littafi kuma ba zai iya tsai da tawadar da ke cin takarda ba sai ya san abin da aka zuba a cikinta. Bayan wannan, ɗaliban tsangaya masu rubuta Alƙur'ani da ka ba su ƙare ba. Rini na kanti da yawansu ke amfani da shi yanzu a madadin ja da kore, ba a yi shi don ya shekara ɗari ba. Mutum ya ɓata watanni yana zuba abin da ke ƙirjinsa a takarda, ya kamata a ce tawadar za ta kai wa jikansa.

Zan faɗa muku laifina, don kada ku ce na zo ina nuna wasu da yatsa. Alaramman nan na Fagge ya kwatanta mini wani tsoho a unguwarsu wanda ya ce duk yankin ba mai dafa yambari kamarsa. Na je na same shi, muka yi hira, ya nuna mini tukunyarsa da wani guntun ƙarfe da ya ce tun na ubansa ne. Na tambaye shi awo, ya ce ba a faɗa da baki, sai in zo ranar da zai dafa in gani, don da ido da hanci yake ganewa ta nuna. Na ce zan komo bayan an gama jarrabawa. Aka gama jarrabawa, aka shiga gyaran takardu, aka shiga taron sashe. Da na koma bayan wata biyar, sai na tarar an yi sadakar arba'in. Tukunyar na nan a bayan ɗaki an kifa ta, 'ya'yansa kuwa duk 'yan kasuwa ne a Kwari. Sunansa kaɗai na tsira da shi a littafin aljihuna.

Saboda haka roƙona ga shugabannin sassan Hausa da Larabci da Tarihi da na Kimiyyar Haɗa Magunguna ƙarami ne, ba ya bukatar kuɗin gwamnati. Kowace shekara ɗalibanmu na ajin ƙarshe suna neman abin da za su rubuta kundi a kai, da yawa suna maimaita abin da aka riga aka yi sau goma. A tura wasunsu Kurmi wurin masu sayar da alluna, su bi sawun allo har gindin wanda ya sassaƙa shi. A tura wasu wurin dukawa masu ɗinka gafaka, wasu wurin masu zayyana, wasu tsangayun Fagge da kewaye. Su rubuta sunan mutum da na wanda ya koya masa, da izininsa. Su rubuta sunan kowane makami da kowane mataki da Hausar da mai aikin ya faɗa. Su zauna su ga an yi daga fari har ƙarshe, su auna abin da ake aunawa, su ɗauki hoto, su sayo samfuri ɗaya a ajiye a ɗakin karatu da sunan mai shi manne a jiki. Ni na ɗauki nauyin duba kundi biyar na farko, in Allah ya kai mu.

Shugaban taro, na ga ka duba agogo sau biyu. Ga sillen kara da gamba da wuƙa na zo da su, suna kan teburin nan. Ina ganin alarammomi a sahun gaba. In ɗayansu zai taimaka ya hau ya feƙe mana alƙalami ɗaya ɗalibai su gani kafin a shiga tambayoyi, zan yi godiya.